Harsashin Ƙaramar Bindiga a Amurka: Yadda Milimita 9 Ya Faɗi Ya Sake Tashi

Kowace ƙaramar bindiga an ƙera ta ne a kan girman harsashi guda ɗaya, kuma da wannan girman ake kiranta a kanti da bariki da ofishin 'yan sanda. Amurkawa da inci suke auna faɗin harsashi, yawancin ƙasashen Turai kuwa da milimita. Idan aka ce harsashi .45, ana nufin faɗinsa kashi 45 ne cikin 100 na inci ɗaya, wato kimanin milimita 11 da rabi. Harsashi .40 ya ɗan haura milimita 10. Na ukunsu shi ne milimita 9, wanda sunansa ya riga ya faɗi girmansa. Tazarar da ke tsakanin babbansu da ƙaraminsu ba ta kai milimita 3 ba. Amma a kan wannan 'yar tazara ce maharban Amurka suka shafe sama da shekara 100 suna ja-in-ja, hukumomin tsaro kuma suka kashe maƙudan kuɗi suna sauya bindigogin jami'ansu, yau wannan, gobe wancan.

Abin da ake ɗurawa a bindiga ya ƙunshi kwanso, da albarushin da ke cikinsa, da ƙwayar dalma da ke fita ta bakin bindiga idan an danna kunama. Ƙwayar .45 ta gargajiya nauyinta ya kusa giram 15, tana tafiyar kimanin mita 250 a daƙiƙa ɗaya. Ta milimita 9 nauyinta tsakanin giram 7 da rabi ne zuwa 9 da rabi, amma ta fi sauri, don tana iya wuce mita 350 a daƙiƙa. Duk abin da aka ƙara wa harsashi na nauyi ko na albarushi, hannun mai harbi ne zai biya, domin bindigar za ta bugi hannunsa da ƙarfi, bakinta ya ɗaga sama, sai ya sake saiti kafin harbi na biyu. Harsashi mai kauri kuma yana cin wuri, saboda haka gidan harsashi ba zai ɗauki da yawa ba, ga shi ya fi tsada a kanti. Duk wanda ya riƙe waɗannan abubuwa a ransa zai gane dalilin kowane sauyi da aka yi a wannan fage.

Ƙaunar da Amurkawa ke yi wa babban harsashi ta samo asali ne daga yaƙin da suka yi a Filifin a farkon ƙarni na 20. A kudancin ƙasar sojojin Amurka sun gwabza da mayaƙan Moro, Musulmin yankin da suka ƙi yarda da mamaya. Sojojin suna ɗauke da libarba mai cin harsashi .38 Long Colt, sai rahotanni suka riƙa zuwa cewa ana harbin mayaƙi sau biyu ko uku amma ya iso kan soja da takobinsa. A 1904 rundunar sojan ta sa wasu hafsoshi biyu, Thompson da LaGarde, su gwada harsasai iri-iri. Sun yi gwajin a kan shanu a mahautar Shikago da kuma gawarwakin mutane, suka kammala da cewa kada harsashin soja ya gaza .45. Masana na yanzu ba sa ɗaukar wannan gwaji a matsayin kimiyya, don shanun kaɗan ne kuma hukuncin da ido aka yanke shi. Duk da haka a kansa aka gina komai. John Browning ya ƙirƙiro harsashin .45 ACP tare da bindigar da ke cinsa, sojan Amurka suka karɓe ta a 1911, ta kuma zauna a ƙugunsu har shekara 74. Harsashi 7 take ɗauka a gidanta. Miliyoyin samarin da suka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da na Koriya da na Biyetnam sun koma gida da imanin cewa .45 ne harsashin namiji, suka gadar wa 'ya'yansu wannan imani.

A daidai wannan lokaci Turai ta ɗauki wata hanya dabam. Georg Luger ya fito da harsashin milimita 9 a Jamus a farkon shekarun 1900, sojan ruwan Jamus suka karɓe shi a 1904, sojan ƙasa a 1908. A 1935 kamfanin FN na Beljiyam ya fito da bindigar Hi-Power mai ɗaukar harsashi 13, kusan ninkin abin da ta Amurka ke ɗauka, ta bazu a rundunonin ƙasashe da dama, har da Birtaniya da ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙungiyar tsaro ta NATO ta tsayar da milimita 9 a matsayin harsashin ƙaramar bindiga na mambobinta. Amurka mamba ce, amma ta yi ta jan ƙafa. Maharbanta suna kallon milimita 9 a matsayin ɗan siririn harsashin Turawan Turai, mai huda mutum ya wuce ba tare da ya kayar da shi ba.

'Yan sandan Amurka kuwa ba su shiga wannan rigima ba sai can baya. Kusan duk tsawon ƙarni na 20 libarba mai harsashi 6 suke ratayawa, mai cin .38 Special, wanda kamfanin Smith & Wesson ya fito da shi a ƙarshen ƙarni na 19. A 1935 aka tsawaita kwansonsa aka ƙara masa albarushi, ya zama .357 Magnum, wanda 'yan sandan manyan tituna suka fi so saboda yana huda jikin mota. Akwai kuma .44 Magnum na tsakiyar shekarun 1950, wanda mafarauta kaɗai suka damu da shi, har sai da fim ɗin Dirty Harry ya fito a 1971, jarumin fim ɗin Clint Eastwood yana riƙe da irin wannan libarba. Nan take aka yi wawason bindigar a kantuna. Da yawa daga cikin waɗanda suka saya sun harba ta sau kaɗan, suka ji yadda take dukan hannu, suka mayar da ita kasuwa. Wannan ya nuna tun da wuri cewa farin jinin harsashi ba koyaushe yake bin amfaninsa ba.

Shekarun 1980 ne suka juya al'amarin. Rundunar 'yan sandan jihar Illinois ta riga kowa komawa milimita 9 tun ƙarshen shekarun 1960, amma ba a bi ta ba sai da abubuwa suka haɗu. Fataucin hodar ibilis ya cika manyan birane da musayar wuta, 'yan sanda suka fara kukan cewa harsashi 6 ba ya isarsu. A 1985 sojan Amurka suka ajiye tsohuwar .45 suka ɗauki Beretta ta Italiya mai harsashi 15 na milimita 9. Sai ga Glock 17 daga Ostiriya, wadda Gaston Glock ya ƙera da gangar jiki ta roba mai tauri, marar nauyi, mai arha, mai ɗaukar harsashi 17. Rundunoni suka fara ajiye libarba ɗaya bayan ɗaya. Da alama a lokacin milimita 9 ya ci kasuwa ke nan, sai wani abu ya faru a Fulorida.

Ranar 11 ga Afrilu, 1986, da safe, jami'an hukumar bincike ta FBI su 8 suka tare wata mota a kudancin birnin Mayami. A cikinta akwai 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix, dukansu tsofaffin sojoji. Motocin suka yi karo, aka fara ɓarin wuta daga tazarar 'yan taku kaɗan. Tun a farkon faɗan, yayin da Platt ke fitowa daga motar, jami'i Jerry Dove ya harbe shi da milimita 9. Ƙwayar ta shiga ta damtsensa na dama, ta ratsa shi, ta faɗa ƙirji, ta yaga huhu, sannan ta tsaya saura kimanin inci ɗaya ta taɓa zuciya. Rauni ne da ba a tsira daga gare shi, amma ba ya kashewa nan take. Platt ya ci gaba da harbi da doguwar bindigarsa jini na zuba, ya zagayo bayan motar da jami'an suka fake, ya kashe Dove da abokin aikinsa Benjamin Grogan. Wani jami'i, Edmundo Mireles, wanda harsashi ya ragargaza wa hannu, shi ya taso da kyar ya ƙarasa 'yan fashin da libarba. Faɗan bai kai minti 5 ba. Jami'ai 2 sun mutu, 5 sun ji rauni.

Kurakuran wannan rana suna da yawa, kuma babbansu shi ne tunkarar mai doguwar bindiga da ƙananan bindigogi. Wasu jami'an bindigarsu ta suɓuce a lokacin karon motoci, wasu kuma sun sha wahalar sake ɗura libarba da hannu mai jini. Amma abin da ya fi tsaya wa hukumar a rai shi ne wannan inci ɗaya da ya rage. An ɗora laifin a kan harsashin. Ƙwayar da Dove ya harba irin mai rami a baki ce, wadda aka tsara ta buɗe idan ta shiga jiki, kuma ta buɗe da wuri, ta rasa ƙarfin kutsawa. Adalci shi ne a ce ƙirar ƙwayar ce ta gaza, domin wata ƙwayar mai faɗi iri ɗaya da ta fi nauyi za ta iya isa zuciyar. Sai dai a bakin jama'a labarin ya taƙaita zuwa jimla ɗaya: milimita 9 ba ya kayar da mutum.

Alheri ɗaya da ya fito daga wannan musiba shi ne ma'auni. A 1987 FBI ta tara likitoci da masana raunin harsashi a cibiyarta ta Quantico, daga nan aka tsara gwajin da har yau kamfanoni ke bi. Ana dafa jelatin, wani abu da ake samu daga fata da ƙashin dabba, a zuba shi a mazubi ya daskare ya zama dunƙule mai tsawo, wanda taurinsa ya yi kusa da na tsokar jiki. Sai a harba harsashi a cikinsa, a sa ma'auni a ga inda ƙwayar ta tsaya. Dole ta shiga aƙalla inci 12, kada kuma ta wuce inci 18, wato tsakanin santimita 30 zuwa 46. Idan ta gaza, ba za ta kai ga muhimman sassan jiki ba bayan ta ratsa hannu ko ƙashi. Idan ta zarce, tana iya fita ta bayan wanda aka harba ta samu wanda bai ji ba bai gani ba. Ana maimaita gwajin bayan an gitta wa dunƙulen tufafi masu kauri, da falan ƙarfe, da allon bangon ɗaki, da katako, da gilashin gaban mota. A ƙarshe a ciro ƙwayar a auna yadda bakinta ya buɗe kamar laima, a kuma ɗora ta a sikeli a ga ko ta zubar da nauyinta a hanya. Gilashin mota ne ya fi ba tsofaffin harsasai wahala, don yana saɓule rigar jan ƙarfen da ke lulluɓe da dalmar, ƙwayar ta rabu biyu.

Da wannan ma'auni a hannu, hukumar ta zaɓi harsashin milimita 10, wanda ya fito a 1983 da goyon bayan Jeff Cooper, shahararren malamin harbi. Harsashi ne mai ƙarfin gaske, kuma ƙarfin ne ya zama matsalarsa. Bindigar ta yi girma a hannun jami'ai da yawa, bugunta ya hana su samun saiti, don haka aka rage masa albarushi. Injiniyoyin Smith & Wesson da Winchester suka lura cewa tunda an rage albarushin, akwai fili a kwanson da ba ya aikin komai. Suka gajarta kwanson, suka samu harsashi mai faɗin milimita 10 da zai shiga bindiga mai girman ta milimita 9. Wannan shi ne .40 S&W, wanda ya fito a farkon 1990. An tallata shi a matsayin sulhu tsakanin ɓangarorin biyu: ya fi milimita 9 kauri, ya fi .45 yawa a gidan harsashi. Glock 22 na ɗaukar 15. Cikin 'yan shekaru ya mamaye rundunonin 'yan sandan Amurka, ita ma FBI ta koma kansa a 1997.

Doka ta ƙara masa ƙaimi. A 1994 gwamnatin Bill Clinton ta haramta sayar wa farar hula sabon gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 10. Babban abin alfaharin milimita 9 shi ne yawa, dokar kuma ta ƙwace masa shi. Mai saye ya yi lissafi mai sauƙi: tunda 10 kaɗai aka yarda masa, gara 10 masu kauri. Tsohuwar .45 ta sake samun kasuwa, .40 ya ƙara bunƙasa. A wannan zamani ne aka fito da .357 SIG a 1994, wanda masu tsaron shugaban ƙasa suka ɗauka, da .45 GAP a 2003, wanda rundunoni kaɗan suka gwada suka bari. Dokar ta ƙare a 2004 majalisa ba ta sabunta ta ba, ko da yake wasu jihohi sun ci gaba da tasu.

Yayin da ake wannan, kamfanonin harsashi suna can suna gyaran ƙwaya. Sun gano yadda za a manne rigar jan ƙarfe da dalmar ciki su zama abu ɗaya, ta yadda gilashi ba zai raba su ba. Sun gyara siffar ramin bakin ƙwayar don kada zaren tufafi ya toshe shi ya hana ta buɗewa. Duk girman harsashi ya amfana da wannan ci gaba, amma milimita 9 ya fi kowa cin riba, domin shi ne dama yake bakin iyakar faɗuwa a gwajin. Da ya fara cika inci 12 zuwa 18 a kowane mataki, hujjar guje masa ta rushe.

A 2014 sashen horarwa na FBI ya fitar da bayanin da ya girgiza masu sha'awar bindiga. Bayanin ya ce harsasan milimita 9 na zamani suna cin gwajin daidai da .40 da .45, jami'ai sun fi samun saiti da sauri da su, bindiga ta fi ɗaukarsu da yawa, ba sa saurin lalata ta, kuma sun fi arha, wanda ke nufin ƙarin atisaye da kuɗi ɗaya. Ya kuma kawo wani adadi mai tayar da hankali, cewa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na harsasan da 'yan sanda ke harbawa a lokacin artabu ba sa samun wanda aka nufa. Idan haka ne, abin da ya fi muhimmanci shi ne harsashin da jami'i zai iya sarrafawa. A 2016 hukumar ta ba Glock kwangilar sababbin bindigogi masu cin milimita 9. Shekara 30 bayan Mayami, ta koma kan harsashin da ta ɗora wa laifi. Masu tsaron shugaban ƙasa su ma sun bar .357 SIG sun bi sahu a 2019.

Wannan hukunci ya fi na 1904 da na bayan Mayami tushe, domin ya dace da abin da likitocin tiyata suka daɗe suna faɗi. Harsashin ƙaramar bindiga, kowane iri ne, ba shi da ƙarfin ɗaga mutum ya jefar kamar yadda ake nunawa a fim. Da yana da wannan ƙarfi, da mai harbin ma ya faɗi. Abin da yake yi shi ne huda rami, kuma sakamakon ya dogara ga abin da ramin ya ratsa. Likitan da ya buɗe rauni sau da yawa ba ya iya cewa ga girman harsashin da ya yi shi sai ya ciro ƙwayar. Bambancin milimita 1 ko 2 yana nan, ba a musa shi ba, amma bai kai bambancin da ke tsakanin harbin da ya samu da wanda ya kuskure ba.

Farar hula a Amurka suna bin sawun 'yan sanda ne, ko da ba sa son a faɗa. Da rundunoni suka koma milimita 9, sai tsofaffin bindigoginsu masu cin .40 suka cika kantuna a farashi mai rahusa, kamfanoni kuma suka rage fito da sababbi. Akwai kuma wani sauyi daga ɓangaren masu saye. Tun daga 1987 da jihar Fulorida ta sauƙaƙa ba da lasisin yawo da bindiga a ɓoye, jihohi suka yi ta kwaikwayonta. Mai yawo da bindiga a ƙarƙashin riga daga safe zuwa dare ba ya son nauyi. Wannan ya farfaɗo da .380 ACP, wani ɗan gajeren harsashi da Browning ya ƙirƙiro a 1908, musamman bayan kamfanin Ruger ya fito da LCP a 2008, bindigar da ke shiga aljihun wando. Tashen .380 ya yi kimanin shekara 10, sannan kamfanoni suka iya matse milimita 9 cikin bindiga mai kusan wannan girma. SIG P365 ta 2018 tana ɗaukar harsashi 10 a jikin da tafin hannu ke rufewa, kuma kusan kowane kamfani ya fito da irin tasa. Alƙaluman da hukumar ATF mai sa ido kan bindigogi ke tattarawa daga masana'antu sun nuna cewa a 'yan shekarun nan fiye da rabin ƙananan bindigogi masu gidan harsashi da ake ƙerawa a Amurka milimita 9 suke ci.

Farashi ma yana ciyar da kansa. Harsashin da sojojin NATO da 'yan sanda da farar hula ke saye tare, masana'antu a ƙasashe da yawa ke yin sa, yawan yin sa ke sa shi arha, arharsa ke jawo sababbin masu saye. Illar wannan ta bayyana a 2020, shekarar annobar korona da zanga-zanga da zaɓe, lokacin da ƙungiyar masana'antun bindiga ta ƙiyasta an sayar da bindigogi sama da miliyan 20, miliyoyin masu sayen kuma karonsu na farko ke nan. Milimita 9 ne ya fara ɓacewa daga kantuna, farashinsa ya ninka, aka riƙa ƙayyade wa mutum kwalin da zai saya. A wasu wuraren mai tsohuwar .40 da aka raina shi ne ya samu abin ɗurawa.

Gasar harbi tana da nata tasirin. Ƙungiyar IPSC da aka kafa a 1976, wadda Jeff Cooper ya fara shugabanta, ta tsara maki ta yadda mai harsashi mai ƙarfi zai fi samun maki idan harbinsa ya ɗan kauce daga tsakiya. Wannan ƙa'ida ce ta riƙe .45 da .38 Super da .40 a hannun 'yan gasa shekaru da yawa. Da aka buɗe rukunan da kowa ke samun maki iri ɗaya, 'yan gasa suka tuttuɗo kan milimita 9, don babu dalilin wahalar da hannu a banza.

Sauran harsasan ba su mutu ba, kowanne ya koma gurbinsa. Milimita 10 da FBI ta yar ya dawo a hannun mafarautan barewa da aladen daji, da mazauna Alaska masu tsoron dabbar beyar. Sojojin Denmak da ke sintiri da karnuka a ƙanƙarar Girinlan suna ɗaukar Glock 20 mai cin wannan harsashi saboda farar beyar. Harsashin .45 yana nan da masoyansa, yawancinsu masu ƙaunar bindigar 1911 da tarihinta. Ɗan ƙaramin .22, wanda ya girmi kusan dukansu tunda ya fito a 1887, shi ake koyon harbi da shi, da shi ake gasar Olamfik, kuma ba ya shiga wannan gardama ko kaɗan.

A wajen Amurka doka ce ke yanke hukunci kafin mai saye ya buɗe baki. Italiya ta daɗe tana hana farar hula ƙaramar bindiga mai cin milimita 9 irin na soja, sai aka ƙirƙiro wani mai kwanson da ya fi shi tsawo da milimita 2 don a zagaye dokar, har aka ɗage haramcin a 2022. A Barazil .380 da .38 aka yarda wa farar hula, Jair Bolsonaro ya buɗe musu milimita 9 da .40 da .45 a 2019, Lula da Silva ya sake rufewa a 2023. A Indiya harsasan soja da na 'yan sanda haramun ne ga mafi yawan jama'a, shi ya sa .32 ya zama ruwan dare a hannun masu lasisi. A Nijeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogi cikin haramtattun makamai, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, saboda haka zaɓin harsashi magana ce ta hukumomin tsaro kawai.

Akwai ɓangaren da mujallun bindiga ba su cika tsayawa a kansa ba, kuma shi ya fi nauyi. Abin da ya yi farin jini a kanti shi ke ƙarewa a hannun masu laifi, ta hanyar sata ko sayen bayan fage. Milimita 9 ne kan gaba a bindigogin da 'yan sandan Amurka ke ƙwacewa a wuraren aikata laifi. A da ƙananan bindigogi masu arha masu cin .22 da .25 da .32 ne suka cika tituna, yanzu manya sun maye gurbinsu. Masu bincike biyu, Anthony Braga da Philip Cook, sun duba harbe-harben da aka yi a birnin Boston daga 2010 zuwa 2014, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun gano cewa wanda aka harba da matsakaicin harsashi, irin su .38 da milimita 9, yiwuwar mutuwarsa ta ninka ta wanda aka harba da ƙarami fiye da sau 2, wanda aka harba da babba kuwa ta ninka fiye da sau 4. Wannan ya ɗan ja wa masu cewa girma ba ya komai birki. Ya kuma nuna cewa duk gyaran da aka yi wa ƙwaya da gidan harsashi domin kare ran ɗan sanda, shi ne ke ƙara yawan gawa idan bindigar ta faɗa hannun da bai dace ba. A 2021 mutum sama da 48,000 ne bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu.

Kamfanoni ba su daina neman wanda zai ture milimita 9 ba. Harsashin milimita 5.7 na FN, siriri mai gudun gaske, ya samu sababbin bindigogi tun daga 2019, NATO kuma ta amince da shi a 2021, amma tsadarsa ta hana shi yaɗuwa. A 2022 kamfanin Federal ya fito da .30 Super Carry, mai alkawarin ƙarin harsashi 2 a gida ɗaya, masu ƙera bindiga kaɗan ne suka karɓe shi. Kowane sabon harsashi yana buƙatar wata babbar hukuma ta saye shi da yawa kafin farashinsa ya sauko, hukumomin kuwa sun riga sun zaɓa. Lokacin da sojan Amurka suka tashi sauya Beretta, sun ba kamfanoni damar kawo kowane girman harsashi suke so. A 2017 suka zaɓi SIG Sauer, kuma milimita 9 take ci.